Majigin Baba yana nuna hoto, amma muryar ta ƙi fita daidai

Ɗan_Gwammaja: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Taimakon masana nake nema. Wata biyu ke nan muna kwashe kayan ɗakin marigayi mahaifinmu, sai muka ci karo da majiginsa a ƙasan adaka, an naɗe shi da tsohon bargo, ga kuma ƙananan faya-fayan fim guda 14 cikin kwalayensu masu ruwan ɗorawa. A jikinsa an rubuta Eumig Mark S 810 D. Fina-finan duk na gida ne, shi ya ɗauka da hannunsa: sunan yayarmu, hawan Sallah, ranar da aka raka kakarmu filin jirgi za ta Makka. Na jona shi ina ɗari-ɗari, sai ga shi ya tashi, ko kwan bai mutu ba, hoto ya fito tas a bango.

Sautin ne matsalar. Da ka kunna, ko ba ka sa fim ba, akwai wani gurnani da ba ya yankewa. In fim ya fara tafiya kuma, maganar can ƙasa take kamar mai magana da kansa cikin randa, ga ta da nauyi tana jan jiki. Hajiyarmu ta zauna ta saurara har ƙarshe, sai ta ce, "Wannan ba muryar Alhaji ba ce, tasa ba ta da kauri haka." Tun ranar abin ya tsaya mini a rai. Ina da shekara huɗu ya rasu, ban riƙe muryarsa ba. Ta ina zan fara?

Yaro_Mai_Waya: Yaya, ka hura masa iska da baki ka ɗan bubbuga gefensa, haka muke wa rimot 😂 Allah ya jiƙan Baba.

MaiRediyo_Fagge: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ya huta. Ƙanena, kafin komai: kada ka sake zura fim ɗin da muryarsa take ciki sai injin ya daidaita. Zaɓi guda ɗaya da bai fi damunka ba, ko na hawan Sallar, shi za ka riƙa gwaji da shi. Sannan akwai maɓalli ja na ɗaukar sauti a jikinsa. Kada hannunka ko na yara ya je wajen. Wannan injin kamar rakoda yake, yana iya goge abin da ke kan fim ya ɗora sabo, kuma abin da ya goge ya tafi ke nan.

Abu uku ka lissafa, kuma a ganina cuta uku ce daban-daban. Gurnani daban, dusashewar murya daban, jan jiki daban. Wanda ya ce maka abu ɗaya zai canza duk su warke, kuɗinka yake so.

Tsohon_Ofareta: Ɗana, duba ƙaramin kwan sauti. Ba babban da ke haska bango ba, akwai wani ɗan mitsitsi a ƙasa kusa da gangar da fim yake zagayawa. In ya yi baƙi a ciki ko ya karkace, murya sai ta dushe. Shekara goma sha ɗaya na yi ina yawo da motar majigi ƙauye-ƙauye, in sauti ya yi rauni, sau tara cikin goma wannan kwan ne ko ƙura a kan tabaronsa.

Injiniya_Samaru: Baba Ofareta, Allah ya ƙara girma, maganarka daidai take a kan irin injin da kuka yi aiki da shi, wato na fim mai faɗin milimita 16. A can sautin zane ne a gefen fim, kwan yana haska shi, wani ɗan ido mai jin haske yana mayar da shi murya. Amma wannan na Ɗan_Gwammaja Super 8 ne, wato na ƙaramin fim mai faɗin milimita 8, mai sautin maganaɗisu, ba shi da wannan kwan sam. Malam, ɗaga fim ɗin ka duba gefensa a haske, za ka ga wani siririn layi mai launin ƙasa-ƙasa, faɗinsa bai kai milimita ɗaya ba. Irin abin da ke jikin zaren kaset ne aka shafa. Akwai wani ma da ya fi shi siranta a ɓangaren hudojin da haƙoran inji ke kamawa, an sa shi ne don fim ya naɗu daidai kada ya karkata gefe guda. Hed ne yake karanta shi, kamar na rediyo mai kaset.

Tsohon_Ofareta: To, na karɓi gyara. Ƙananan nan na masu kuɗi ne, mu ba mu taɓa riƙe su ba. Namu Bell & Howell ne, ɗaukarsa ma sai ƙato.

Ɗan_Gwammaja: Na duba, layin yana nan a guda 11. Guda uku babu shi ko kaɗan, gefensu fes.

Injiniya_Samaru: Waɗannan ukun bebaye ne tun asali, kada ka wahalar da kanka a kansu. Kodak ta fito da Super 8 a 1965 ba sauti, sai a 1973 ta kawo kwalin fim mai layin maganaɗisu da kyamara ke ɗaukar murya kai tsaye. Mai sautin ya fi tsada, shi ya sa mutane suke haɗa biyun.

MaiRediyo_Fagge: Mu fara da dusashewar, ita ce mai sauƙi. Zare wuta tukuna. Nemi auduga ta goge kunne da sifirit, ka bi hanyar da fim yake bi bayan ya wuce tagar hoto, za ka tarar da hed a ƙasa. Wajen matsattse ne, sai ka yi haƙuri, ka haska da tocilan. Ka goga a hankali, za ka ga audugar ta fito ja-ja kamar tsatsa. Ka yi ta canzawa har ta fito fara. Ka goge ɗan tayan roba da sandar ƙarfen da ke jan fim a kusa da wajen. Ka bari ya bushe sarai kafin ka sa fim. Kada ka kankare da allura ko reza, kuma kada ka kai sukundireba mai maganaɗisu kusa da hed.

Garba_Okada: Ni da fetur nake wanke komai, nan take yake cin datti. Ko tina.

MaiRediyo_Fagge: Malam Garba, kaburetar babur daban, wannan daban. Tina tana narkar da roba, fetur kuma yana kumbura tayan. Na ga rakoda nawa aka kawo mini shago an kashe su da haka.

Bahaushen_Landan: Ina da irin wannan injin guda biyu, ɗaya na aiki, ɗaya na ciro kaya. Mutanen Ostiriya ne suka ƙera shi a Biyana, kuma a shekarun 1970 Eumig ya yaɗu sosai a gidajen masu sha'awar fim a Turai. Kamfanin ya durƙushe a farkon shekarun 1980 lokacin da bidiyo ya shigo, don haka sabon kayan gyara na kamfani babu, sai na gwanjo ko wanda masu sha'awa suke ƙerawa.

Game da jan jikin: wannan samfurin ba da bel moto yake juya injin ba. In ka buɗe murfin baya za ka ga faya-faya biyu masu fuskar roba suna kallon juna, a tsakiyarsu kan moto ne mai ɗan ƙarfe mulmulalle. Moton yana karkata ya dafa ɗaya in za a yi gaba, ya dafa ɗayan in za a yi baya. Bayan shekara arba'in da wani abu robar takan bushe ta yi santsi kamar gilashi, ƙarfen sai ya riƙa zamewa. Gudu ya ragu, murya ta yi kauri. Ina kyautata zaton abin da Hajiya ta ji ke nan. Ga kuma tsohon girisi da ke daskarewa ya zama kamar ɗanko.

Ummu_Khalil: Ni dai tambayata, me ya sa za a yi ta wahala da tsohon inji ana kasada da abin da ba shi da na biyu? A kai faya-fayan wajen masu mayar da su cikin kwamfuta a huta mana. Namu na bikin iyayenmu kaset ɗin bidiyo ne, muka yi ta cewa gobe, gobe, har fumfuna ta cinye shi. Yanzu ko hoto ɗaya ba mu da shi mai motsi.

Bahaushen_Landan: Hajiya, gaskiyarki, kuma ƙarshenta nan za a je. Sai dai a yi hattara, yawancin ƙananan na'urorin da ake sayarwa na kwafar Super 8 hoto kawai suke ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ba sa karanta layin sauti. Mutum sai ya biya kuɗi a ba shi fim bebe. Wanda zai kai, ya tambaya tun farko ko suna ɗaukar sautin maganaɗisu. In ba sa yi, majigin nan ne dai zai fitar da muryar, a jona waya daga bayansa zuwa kwamfuta. Ka ga gyaran bai zama aikin banza ba.

Ɗan_Gwammaja: Na dawo. Na wanke hed kamar yadda Baba MaiRediyo ya ce, auduga bakwai na ɓata kafin ta fito fara. Wallahi bambancin a fili yake, yanzu ana jin kakaki da algaita a fim ɗin hawan Sallah, da can kamar ana busa su a ƙarƙashin bargo. Amma gurnanin yana nan, nauyin ma yana nan.

Injiniya_Samaru: Madalla. Ga gwaji biyu da ba sa buƙatar ka kwance komai.

Na gurnani: kunna injin ba fim, ka mayar da maɓallin ƙarar sauti ƙasa gaba ɗaya. In gurnanin bai ragu ba, daga ɓangaren wuta yake, galibi babban kafasita mai tace wuta ne ya bushe. In kuwa yana ƙaruwa yana raguwa tare da maɓallin, to ta gaba yake shigowa, wato ta hed ko wayoyinsa, ko wani abu a kusa yana watsa masa maganaɗisu.

Na gudu: ƙaramin faifai cikakke ƙafa 50 ne, hoto kusan 3,600 ke cikinsa. A gudun hoto 18 cikin sakan zai ɗauki minti 3 da sakan 20. A gudun 24 kuma minti biyu da rabi. Sa agogon wayarka ka auna ka faɗa mana. Ka kuma tabbata a kan 18 ko 24 madannin gudun yake, don in an ɗauki fim a 24 ka nuna shi a 18, ko injin sabo ne sai murya ta koma ta basamude.

Sarkin_Zolaya: Wato dai a taƙaice Alhaji na iya fitowa da muryar ɗan dambe ko ta ɗan tsako, ya danganta da inda aka tura madanni.

Ɗan_Damagaram: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ni tambayata, da wace wuta kake tada shi? Nan wajenmu na taɓa gwada wani tsohon majigi na wani dattijo da ƙaramin gurup, abin da kuke ce wa janareta. Murya ta dinga hawa tana sauka kamar mai kuka, duk sanda firiji ya tashi sai ta nutse. Muka kai shi kan kuran na gari, lafiya lau. Moton irin waɗannan injinan da bugun wuta yake tafiya, in gurup ya yi sanyi su ma sai su yi sanyi.

Af, a gidan dattijon nan na ga wani fim na Faransawa mai milimita tara da rabi, hudarsa a tsakiya take tsakanin hoto da hoto, ba a gefe ba. Pathé ne suka yi shi tun 1922. Har yau ban ga injin da zai nuna shi ba.

Ɗan_Gwammaja: Da wutar Nepa nake gwadawa, ta cikin sitabilaiza. Ga sakamako. Madannin a kan 18 yake. Faifan hawan Sallah ya ɗauki minti 4 da 'yan sakanni. Na tura shi 24 don in gani, sai dawakai suka fara sauri fiye da kima, masu magana kuma kamar ana korarsu. Gurnanin yana ƙaruwa sosai in na ƙara sauti, amma ko na kashe gaba ɗaya akwai saura kaɗan.

MaiRediyo_Fagge: Ina sitabilaizar take zaune?

Ɗan_Gwammaja: A kanta na ɗora majigin, don hoton ya ɗaga sama ya wuce kan kujera.

MaiRediyo_Fagge: Ai ka ji! Ka ɗora hed a kan taransifoma sannan kana tambayar inda gurnani yake fitowa. Sauke shi, ka matsar da ita nesa kamar taku uku, ka sa littattafai a ƙarƙashinsa.

Ɗan_Gwammaja: Subhanallahi. Ya ragu fiye da rabi. Kunya ta kama ni.

Injiniya_Samaru: Ba abin kunya, kowa ya taɓa yin irinta. Amma lissafin naka ne ya tsaya mini. Minti 4 daidai yana nufin hoto 15 a sakan. In ka ɗauki 18 ka ninka da 50 ka raba da 60, 15 za ka samu cif. Wutarmu a Najeriya da Nijar 50Hz ce, wato bugu 50 a sakan, haka Ingila. In an saita inji don ƙasar da wutarta 60Hz ce aka kawo shi nan, daidai wannan ragin zai yi. A ina Alhaji ya sayo shi?

Ɗan_Gwammaja: Na ɗauka Ingila ne, don ya yi kwas a can. Amma na tambayi Baffanmu yanzu, ya ce kyamarar ce daga Ingila, majigin kuwa a Jidda ya saye shi shekarar da ya sauke farali.

Injiniya_Samaru: To ga ta nan. Wutar Saudiyya 60Hz ce. Kyamara da batir take aiki, ta ɗauki muryarsa a gudun gaskiya. Majigin ne yake rage mata kashi ɗaya cikin shida.

Bahaushen_Landan: Injiniya, lissafin ya yi kyau, amma ban gamsu ba tukuna. In tun daga Jidda aka saita shi haka, ai tun ranar farko da nauyi zai riƙa magana, kuma Alhaji da kansa zai ji muryarsa ta canza. Mutumin da ya san ya aika fim har Turai a wanke a dawo masa da shi, ba zai zauna shekaru da inji mai jan jiki bai kai an duba ba. Robar da ta yi santsi ma tana iya ba ka minti 4. Dacewa ce kawai lambar ta zo daidai. Kuma faifan gida ba lallai ya cika ƙafa 50 ba, wani an yanke, wani an ƙara masa farin zare a gaba.

Injiniya_Samaru: Zamewar roba ba ta tsayawa a lamba ɗaya, takan fara da nauyi sannan ta ɗan saki in inji ya ɗumama. Malam Ɗan_Gwammaja, nauyin iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe ko yana canzawa?

Ɗan_Gwammaja: Farkon ya fi nauyi gaskiya, amma har ƙarshe bai koma daidai ba.

Sarkin_Zolaya: Alƙali ya raba gardama: kowa ya ci, kowa ya faɗi.

Tsohon_Ofareta: Ku bar ni in ba ku labari tunda kun tuno mini da. Wani dare muna wani ƙauye a gabas da Haɗeja, an kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar dagaci, mutane sun cika fili har kan katanga. Fim ɗin tsabtar rijiya ne da allurar shanu. Muna cikin nunawa sai sauti ya koma "fur-fur-fur" kamar kwale-kwale mai inji. Yara suka fashe da dariya. Abin da ya faru, fim ya goce daga kan gangar sauti, hasken ya koma yana karanta gefen hotuna maimakon zanen murya. Na tsayar, na sake zura shi, na gyara lanƙwasar ƙasa. Wannan lanƙwasa ita ce ran aikin. A milimita 16 murya tana gaban hotonta da hoto 26, in ka rage lanƙwasar ko ka ƙara, sai ka ga motsin baki da magana sun saɓa.

Wani daren kuma sauti ya ɗauke ɗif, muka kwance rabin amfilifaya a kan tabarma, ashe ɗan ƙwaro ne ya bi haske ya mutu a kan tabaron sauti. Da gashin kaza na share shi. Amma duk tsiya ba ma taɓa sukurin tabaron nan, an hana mu tun a wajen koyo, don a masana'anta ake saita shi, in ka motsa ba ka iya mayarwa da ido. Sau da yawa ma kashe sautin muke yi, mai sharhi ya ɗauki lasifika ya yi bayani da Hausa, ya fi Baturen cikin fim ɗin daɗin ji nesa ba kusa ba.

Ummu_Khalil: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Mahaifiyata tana ba mu labarin majigi a ƙofar gidan hakimi, ta ce har da tallar shayi da sabulu ake haɗawa. Ashe da irinku a zauren nan muke ta surutu.

Injiniya_Samaru: A Super 8 mai maganaɗisu tazarar hoto 18 ce, wato sakan ɗaya cur a gudun 18. Shi ya sa in Alhaji ya taɓa yanke fim ya haɗa, za ka ga a wajen haɗin hoto ya canza kafin maganar ta canza, ko ta tsallake. Kada ka ɗauka laifin inji ne.

Admin_Zaure: Jama'a, labarin Baba ya yi daɗi, wanda yake son ci gaba da tarihin majigi a buɗe masa wani zaren daban. A nan mu ƙarasa wa bawan Allah gyaransa. Kuma na goge saƙon wanda ya zo tallar sababbin na'urorin haska bango, ba wurinsa ba ne.

Ɗan_Gwammaja: Na zare wuta na buɗe murfin baya. Na ga faya-fayan roba biyun da Bahaushen_Landan ya faɗa, ɗaya yana ƙyalli, har da wani zagayayyen gurbi inda ƙarfen yake taka shi. Na kuma ga wurin da aka rubuta 50 da 60, kuma a kan 60 yake. Na mayar da shi 50. Na goge robar da sifirit. Faifan da ya ci minti 4 yanzu minti 3 da sakan 36.

Injiniya_Samaru: Alhamdu lillahi. Ban ce komai ba.

Bahaushen_Landan: Ka ce mana, ai ka ci rabi. Saura sakan 16 ɗin nan nawa ne. Malam, samo takardar yashi mafi laushi, ka ɗan goga fuskar robar kaɗan, don ƙyallin ya tafi kawai, kada ka ci naman robar. Ka duba mazaunin moton hagu da dama, robobin da ke riƙe shi sukan farfashe, in sun saki ba ya dafa faifan da ƙarfi. Tsohon girisin da ke kan giya ka share ka sa sabo ɗan kaɗan. Mai ko ɗigo kada ya taɓa robar. Sannan kafin ka sa fim, bar shi ya yi ta juyawa minti biyar ya ɗumama.

Har yanzu dai ina mamakin yadda Alhaji ya zauna da shi a kan 60.

Hajiya_Mai_Lalle: Wataƙila bai zauna da shi haka ba. Gidajenmu fa in abu ya lalace yara ne suke fara buɗewa kafin a kai wa mai gyara. Ka tambayi yayyenka maza, za ka ji wanda zai yi shiru.

Garba_Okada: To ragowar gurnanin fa? Ni na ce a canza sifika kawai, a France Road za a samu sabuwa da arha.

MaiRediyo_Fagge: Sifika ba ta ƙirƙirar gurnani, abin da aka ba ta take faɗa. In takardarta ta yage za ka ji kaza-kaza ne in an ƙara sauti. Wanda ya rage ko an kashe ƙara, kafasita ne, kamar yadda Injiniya ya ce. Suna da ruwa a ciki, zafin ɗakunanmu na shekara arba'in ya ƙafar da shi. Canza su ba tsada, amma ƙanena wannan ba aikinka ba ne in ba ka saba riƙe ƙarfen dalma ba. Kai wa mai gyaran rediyo, dattijo wanda ya yi zamanin kaset, ba mai gyaran waya ba. A sa mai lamba ɗaya da na ciki, ƙarfin folt ɗinsa daidai ko ya fi, a kula da ƙafar da ke ɗaukar wuta da ta ƙasa. Ka zauna a wajen har ya gama, kuma kada ka bar masa fim ko ɗaya.

Bahaushen_Landan: Ƙari a kan wannan: kusa da hed akwai wasu 'yan ƙananan naɗin waya da aka sa musamman don su kashe gurnanin da moto da taransifomar cikin injin suke jawowa. In wajen wanke hed ka ture ɗaya, gurnani zai ƙaru. Ana ɗan karkata su ne a hankali ana saurare har a sami inda ya fi yin shiru. Ka faɗa wa mai gyaran kada ya ɗauka tarkace ne ya cire. Kuma ko sabo ne, irin wannan injin yana da ɗan gurnaninsa in ka ƙure sauti, kada ka sa ran shirun rediyon zamani.

Ɗan_Gwammaja: Wani abu kuma. Cikin faya-fayan akwai biyu da in ka buɗe kwalin sai wani tsami ya buge ka kamar ruwan khal. Ɗaya daga ciki shi ne na rakiyar kakarmu, inda Baffa ya ce Baba ya yi doguwar magana. Gefensa ya ɗan kanannaɗe.

Injiniya_Samaru: Wannan ba daɗin ji. Jikin fim ɗin ne ya fara ruɓewa, zafi da laima suke jawo shi, kuma ba ya komawa baya, sai dai a rage masa sauri. Ware biyun nan daga sauran yau ɗin nan, don tsamin yana kama na kusa. Kada ka kulle su a leda ko gwangwani, ka sa su inda ya fi sanyi da bushewa a gidan. Fim ɗin da ya kanannaɗe ba ya kwanciya sosai a kan hed, sai murya ta riƙa zuwa tana ɗaukewa, kuma in ya tsuke haƙoran injin na iya yaga hudojinsa. Shi za ka fara kwafa da zarar inji ya daidaita, kuma ka shirya na'urar ɗauka tun kafin ka kunna, don mai yiwuwa sau ɗaya zai yarda ya wuce.

Ummu_Khalil: Ni da nawa ne ba zan zura shi a wannan injin ba ko an gyara. Masu na'urar da ba ta da haƙora zan nema, ko da kuwa sai an aika waje.

MaiRediyo_Fagge: Aikawa ma kasada ce, Hajiya. Kaya nawa suka tafi ba su dawo ba.

Ɗan_Gwammaja: Na goga robar da takardar yashi, na bar shi ya ɗumama, yanzu minti 3 da sakan 25. Ban taɓa mai tsamin ba. Na sa na sunan yayarmu, akwai inda Baba yake cewa a matso da ragon cikin inuwa. Na kira Hajiya. Ta ce in mayar baya, na mayar, ta sake ji. Ta ce ta yi kusa, amma kamar har yanzu da ɗan saura, ko kuma kunnenta ne ya tsufa. Yaya Babba kuma, da na tambaye shi zancen 60, ya ce shi bai san komai ba, sai dai ya yi dariya. Ranar Asabar zan kai wa mai gyara saboda kafasitocin.

Ɗan_Damagaram: In ka je ka tambaya mini ko ya taɓa ganin injin mai huda a tsakiya.

Tsohon_Ofareta: Ɗana, in za ka ɗauke shi a babur, ka cire kwan ka naɗe shi daban a aljihu, kuma kada ka taɓa gilashinsa da yatsa. Wace unguwa mai gyaran yake? In ba nisa zan so in leƙo in ga cikin ƙaramin nan da idona.